Nutson da Babu Kumfa

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Wadda muke fitarwa kuwa takan fito da kusan kashi 16 ko 17. Wato jiki ɗan kaɗan yake gutsura ya dawo da saura. A tudu wannan ba ya damun kowa, tunda iska ba saye ake yi ba. Sai ranar da ka goya silinda ka shiga teku za ka gane almubazzaranci ne. Duk numfashin da ka fitar ya zama kumfa ya yi sama, da oksijin ɗinsa da komai. Kuma iya zurfinka iya asararka, domin kowace mita 10 ta ruwa tana ɗora maka matsi daidai da wanda iskar duniya ke yi maka a bakin teku. A mita 30 cika huhu sau ɗaya yana cin ninki 4 na abin da yake ci a sama, a mita 60 ninki 7. Alhali abin da jiki ke ƙonawa yana nan yadda yake, kimanin lita 1 ta oksijin a minti ga mai ninkaya a natse, ko a mita 5 yake ko a mita 100.

Da wannan almubazzaranci muka koyi nutso, mu da muka fara shiga Bahar Maliya a farkon shekarun 2000. Kayan su ne dai irin waɗanda Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa a Faransa a 1943: silinda a baya, tiyo a baki, agogon awon iska a hannu. A Dahab, ɗan garin nan na gaɓar Sina'i inda na koya, akan cika maka silinda har bar 200, malami ya ja maka kunne cewa kafin allura ta sauka 50 ka kasance ka kama hanyar fitowa. Allurar ke da hukunci. Komai kyan murjani da kifi, in ta ce a tashi an tashi. Mai jiki ko mai fargaba yakan ƙarar da tasa cikin rabin awa, ya ja sauran ayari su fito suna harararsa, wata siririyar yarinya kuma ta yi awa guda ta fito da saura. A lokacin takura muke ganin abin. Ba wanda ya kawo a ransa cewa allurar nan gadinmu take yi.

Na'urar da ke maganin wannan asara kuwa ta girmi kayan Cousteau da shekara 65. Henry Fleuss ya yi rajistar tasa a Ingila a 1878: jakar roba, tankin tagulla mai oksijin, da zaren igiya da aka jiƙa da sinadari don ya tsotse gurɓatacciyar iska. A 1880, bayan ruwa ya cika ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa a ƙarƙashin kogin Severn, wani mai nutso, Alexander Lambert, ya goya ta ya yi tafiyar kusan mita 300 cikin duhu ya rufe wata ƙofar ƙarfe, wurin da ya gagare shi lokacin da yake jan tiyon iska daga sama. A Disamban 1941 sojojin ruwan Italiya su 6 suka sulale cikin tashar Iskandariyya da irin wannan na'ura, suka dasa nakiyoyi a ƙarƙashin manyan jiragen yaƙin Ingila, Queen Elizabeth da Valiant, ba kumfar da za ta tona musu asiri a hanya. Shi ma Hans Hass ɗan Ostiriya, da ya je Port Sudan a 1949 yana ɗaukar hoton kifaye, da ita ya riƙa nutso.

Abin da ya kayar da ita shi ne zallar oksijin. Iskar da ke rayar da mutum a tudu, in matsi ya yi mata yawa takan koma guba, ta jefa shi cikin farfaɗiya ba sallama. A ƙa'idar yau mai shaƙar zallarta ba ya wuce mita 6. Farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa kuwa, da abin baki ya kuɓuce magana ta ƙare. Don haka na'urar ta zama ta sojoji, jama'a suka bi kumfa.

Lantarki ne ya dawo da ita. A na'urar maimaita numfashi ta zamani, abin baki yana da tiyo biyu, na fita da na shiga, da bawul mai hana iska komawa baya. Abin da ka fitar yakan shiga wata jaka a kafaɗa, ya ratsa gwangwani cike da wani farin ɓarzajjen sinadari, soda layim, wanda ke kama iskar kabon da jiki ya fitar, sannan ya zagayo ya dawo bakinka. A kan hanyar akwai ƙwayoyin awo guda 3 masu auna oksijin. An sa su 3 ne don in ɗaya ta yi ƙarya biyu su ƙaryata ta. Kwamfuta na sauraronsu, da ta ga oksijin ya yi ƙasa sai ta buɗe bawul ta fesa kaɗan daga wata 'yar silinda mai lita 2 ko 3. Akwai 'yar silinda ta biyu mai iskar sirki, wadda ke cika jakar duk lokacin da ruwa ya matse ta. Yawanci kwamfutar takan riƙe matsin oksijin a bar 1.3 da zarar ka yi ƙasa, ko a wane zurfi kake, wato tana yi maka haɗin da ya dace da wurin da kake a daidai wannan minti. A 1987 Bill Stone ya yi awa 24 cur a ƙarƙashin ruwa a Wakulla Springs ta jihar Florida da wadda ya ƙera da kansa. A 1997 wani kamfani a Cornwall ta Ingila ya fito da Inspiration, mai ruwan ɗorawar murfi, ita ce ta fara shiga hannun jama'a da yawa.

Ta zo kuwa a kan gaɓa. A waɗannan shekarun ne aka samu wani rukuni na 'yan nutso da mita 40 ta masu yawon shaƙatawa ba ta ishe su ba, masu shiga kogo da tsofaffin jirage, waɗanda mujallar aquaCORPS ta Michael Menduno ta raɗa wa suna tun wajen 1991. Matsalarsu naitirojin ce. In aka wuce mita 30 takan fara bugar da mutum, a mita 55 kuwa mai hankali ma sai ya yi wauta. Duk wanda ya je Blue Hole a Dahab ya ga allunan sunayen matattu da aka kakkafa a jikin dutse kafin a shiga ruwa. Da yawansu wata ƙofa ta ƙarƙashin ruwa suka nufa, wadda ke wajen mita 55 tana ɓullewa cikin teku, da silinda ɗaya ta iskar banza. Maganin wannan maye shi ne a rage naitirojin a sa hiliyam. Hiliyam kuwa ba a matso shi daga iska kamar oksijin. Daga rijiyoyin gas yake fitowa, a ƙasashe 'yan kaɗan irin su Amurka da Katar da Aljeriya, kuma injinan ɗaukar hoton cikin jiki na asibitoci da masana'antun lantarki sun riga mai nutso a layi.

Ga lissafin da ya sa mutane suka fara sayar da motocinsu. Mai shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 60 lita 140 yake ci. Minti 20 a can ƙasa ya lashe lita 2,800. Tagwayen silinda masu lita 12, in an cika su bar 200, lita 4,800 suke ɗauka, kuma in haɗin yana da kashi 45 na hiliyam, ka goya lita 2,160 na wannan iska mai tsada, wadda za ka busa wa kifi cikin ƙasa da awa. 'Yar silinda mai lita 3 ta na'urar maimaita numfashi, da haɗi iri ɗaya, lita 270 na hiliyam kawai take buƙata, ba lallai ne ma ta ƙare a nutso ɗaya ba. Ninki 8 ke nan. Na ga lokacin da 'yan zurfi ke tafiya zuwa bakin ruwa a sunkuye, silinda biyu a baya, biyu ko uku a haƙarƙari, ana tallafa musu. Sannu a hankali akwatunan nan masu tiyo biyu suka fara bayyana a kan bencin jirgi, ɗaya, biyu, har ya zama a jirgin masu zurfi mai kumfa shi ne baƙo.

Ni ma na gwada, a irin gwajin da shagunan nutso ke shirya wa masu sha'awa, a ruwa mai zurfin 'yan mitoci da malami a gefe. Abin da ya fara kama ni shiru ne. Ashe duk shekarun nan cikin ƙara nake nutso, kumfa na wucewa ta kunnena, har na daina jinta. Da ta ɗauke sai na fara jin ƙas-ƙas ɗin ƙananan halittu a cikin murjani, da ƙarar kifin aku yana gurgurar dutse, da ɗan tsit ɗin bawul duk lokacin da kwamfuta ta fesa oksijin. Iskar da ɗumi da danshi, domin sinadarin yana yin zafi yayin da yake aiki, saɓanin busasshiyar iskar silinda mai sa maƙogwaro ya bushe. Kifaye ba su watse ba. Wani ya zo har gaban gilashina ya tsaya yana dubana, da alama bai gane ko mene ne ni ba. Wannan ne dalilin da masu ɗaukar hoton kifin shak mai kan guduma a Sha'ab Rumi da Sanganeb na tekun Sudan suke ƙaunar na'urar, don shi kifi ne mai tsoron kumfa.

Sai dai na koma ɗan koyo. Mai nutso da silinda da huhunsa yake daidaita kansa: ya ja iska ya ɗan tashi, ya saki ya ɗan sauka, har ya zama ba ya ma tunani. A nan kuwa iskar da ta fita daga huhu jakar kafaɗa ta shiga, ba inda ta je, don haka ka ja ka saki kana nan inda kake, ko kuma kana ci gaba da gangarawa. Gwiwata ta sha yashi a ranar. Malamin ya ce kowa haka yake farawa, kuma tsofaffin hannu sun fi shan wuya, tunda sai sun fara mantawa kafin su koya.

Maganar kuɗi kuwa, sabuwar na'ura takan kai wajen dalar Amurka 10,000, wata ƙasa da haka wata sama. Ba a sayar maka sai da shaidar ka yi kwas a kan irin wadda ka saya, kuma takardar wata ba ta aiki a kan wata. Bayan kwas na farko akwai na hiliyam, akwai na zurfin da ya fi haka, kowanne da kuɗinsa da awannin da za ka tara kafin a karɓe ka. Gwangwani yana cin kimanin kilo 2 da rabi na sinadari, wanda kamfanoni da yawa ke ƙayyade wa wajen awa 3 kafin a zubar. Ƙwayoyin awo suna tsufa ko ka yi nutso ko ba ka yi ba, duk shekara ko shekara da rabi sai sababbi. Ga batir, ga zoben roba, ga kai ta gyara, ga kuɗin kaya a filin jirgi, ga neman inda ake cika zallar oksijin a garin da za ka. Wanda ke nutson mita 60 ko fiye kowane mako, hiliyam kaɗai zai mayar masa da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Wanda ke zuwa hutu sau ɗaya a shekara ya kalli kifi a mita 18, har abada ba zai fanshe ba, tunda iskar da yake shaƙa ba ta da wata tsada tun asali.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Kayan kumfa in za su lalace da hayaniya suke lalacewa: ko iska ta ƙi zuwa, ko ta yi ta zuba ba tsayawa. Ko wanne ne ka sani nan take. Ita wannan na'ura kuwa tana iya ci gaba da ba ka numfashi mai daɗi, mai ɗumi, alhali abin da ke cikinsa ba zai riƙe rai ba. Jikin ɗan Adam ba ya jin ƙarancin oksijin. Mutum ya manta bai buɗe silindar oksijin ba, ko bai kunna kwamfuta ba, sai ya yi ta zagaya iska ɗaya har ya suma ba tare da ya ji ko ɗan sarƙewa ba, kamar masu kwana da janareta a ɗaki rufe. Ko ƙwayoyin awo su tsufa tare, tunda rana ɗaya aka saye su, su haɗa baki su ce oksijin bai kai ba, kwamfuta ta yi ta ƙarawa har ya zama guba. Ko a cusa sinadari ba a girgiza shi ya zauna ba, iska ta sami ɓarauniyar hanya ta wuce ba a tace ta ba. Ko ruwa ya shiga gwangwani, ya dawo bakinka a matsayin ruwan da ke ƙone harshe da maƙogwaro.

Andrew Fock, wani likita a Melbourne ta Ostireliya, ya bi diddigin mutuwar mutum 181 da ke amfani da wannan na'ura tsakanin 1998 da 2010, ya wallafa sakamakon a 2013. Ƙiyasinsa shi ne haɗarin mutuwa a kowane nutso ya kai kusan ninki 10 na mai kumfa. Ana iya cewa, kuma da gaskiya, masu na'urar su ne ke zuwa wurare mafi haɗari tun farko. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan waɗanda suka shiga ruwa alhali na'urar ta riga ta yi musu gargaɗi, ko sun san akwai abin da ba daidai ba. Ba jahilai ba ne. Mutane ne da suka taɓa tsallake ƙa'ida sau ɗaya ba abin da ya faru, suka sake, har ya zame musu jiki. Sabo turken wawa.

Dave Shaw kuwa ba mai sakaci ba ne. Matuƙin jirgin sama ne ɗan Ostireliya, mutumin da sana'arsa ita ce bin ƙa'ida layi-layi. A Oktoban 2004, a ƙasan ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, mita 270, ya ci karo da gawar Deon Dreyer, matashin da ya ɓace a wurin tun 1994. Ya yi wa iyayen alkawarin ɗauko ta. Ranar 8 ga Janairun 2005 ya koma, da ayarin mataimaka da shiri na watanni. Kyamarar da ke kan hularsa ta ɗauki komai. A wannan zurfi iska takan yi kauri, tura ta cikin tiyo da gwangwani aiki ne a kan kansa. Gawar ba ta zauna yadda aka zata ba, igiya ta harɗe, ya shiga kokawa da ita, numfashi ya ƙaru, iskar kabon ta taru a jikinsa fiye da yadda zai iya fitarwa, har ya mutu a can. Oksijin ɗinsa bai ƙare ba. Na'urar ta kai shi wurin da aikin 'yan mintoci ya fi ƙarfin huhunsa.

Wannan ne babban canjin da na gani. Da, iska ce ke korar mutum daga ruwa kafin ya yi wa kansa illa. Yanzu na'ura na iya riƙe shi awa 3 ko 4, amma naitirojin da hiliyam da ke shiga jini ba su san an yi sabuwar na'ura ba. Duk mintin da ka ƙara a ƙasa bashi ne, za ka biya shi a zango-zango kan hanyar hawa, kana rataye a igiya a mita 9 da mita 6 kana jin sanyi. In ka tsallake, ɗakin matsi na asibiti ne ko keken guragu. Kuma tunda na'urar na iya mutuwa a daidai lokacin da ka fi nisa, dole ka rataya silindun ko-ta-kwana, na kumfa, masu isar da za su fito da kai tun daga ƙasa har sama da duk zangunan. Sai ka ga mutumin da ya sayi na'ura don ya huta da dakon silinda, ga shi da uku a haƙarƙari. Tsugune ba ta ƙare ba. Bambancin dai waɗannan ba ya taɓa su sai ranar tsiya, don haka cikawa ɗaya takan yi masa watanni.

Ba zan rage wa na'urar haƙƙinta ba. Richard Pyle na gidan tarihin Bishop a Hawaii ya shafe shekaru yana sauka da ita tsakanin mita 60 da 150, wurin da ya fi ƙarfin mai silinda kuma jiragen bincike ba su damu da shi ba, yana fitowa da kifayen da ba a taɓa raɗa wa suna ba. Richard Harris, likitan nan da ya yi wa yaran da suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan allurar barci a 2018 aka fito da su, ya kai mita 230 a wani kogo na New Zealand a Fabrairun 2023 yana shaƙar haɗi mai haidurojin. Taswirar kogunan ƙarƙashin ƙasa da yawa ba da kumfa aka zana su ba. Ko da yake, a gefe guda, mita 332 da Ahmed Gabr ɗan Masar ya kai a Dahab a 2014 da tsofaffin kayan kumfa ya yi ta, sauka cikin mintoci, hawa kusan awa 14.

Halin masu na'urar ma ya canja. A farkon zuwanta haɗa ta da ka, ba a duba takarda, shi ne alamar gwaninta. Yau a jirgin kirki za ka ga kowa da katinsa na roba yana bi layi-layi kamar yadda matuƙa jirgin sama ke yi, sannan ya zauna ya toshe hanci ya shaƙi na'urar minti 5 kafin ya taɓa ruwa, idonsa a kan lambobi. Haɗawa da dare, gwajin yoyo, wanke tiyo da maganin ƙwayar cuta bayan an fito, shanya: awa guda kafin nutso, wata bayansa, lokacin da masu kumfa suka riga suka zauna shan shayi. Har yanzu kuma auna iskar kabon a cikin danshin tiyo abu ne mai wuya. Na'urori da yawa zafin gwangwani kawai suke aunawa su ƙiyasta saura.

Kwanakin baya wani ƙanina a harkar, wanda ya fara nutso lokacin yana karatu a Masar, ya turo mini hoton wata ta hannu da aka sa a kasuwa, rabin kuɗin sabuwa, mai ita ya ce ko awa 30 ba ta yi a ruwa ba.

"Yaya, ka ga banza ta faɗi. In ɗauka?"

Na tambaye shi wane wuri ne yake son zuwa da kayan da yake da su yanzu suka hana shi. Ya yi shiru, can ya ce shi dai shirun nan yake so, da kifi ya zo kusa. Na ce wannan dalili ne, ba na raina shi, ni ma ya ja ni. Sai na tambaye shi sau nawa yake shiga ruwa a wata, tunda hannu in ya yi wata uku bai taɓa na'urar ba ya manta da ita, ita kuwa ba ta yafiya. Ni wannan tambayar ce ta hana ni saye. Teku ta yi mini nisa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya rufe wuraren da na fi so, kuma abin da nake zuwa kallo yana cikin mita 30 na sama, inda hasken rana ke kaiwa. Irin waɗannan na hannu masu ƙarancin awa ba sa yankewa a kasuwa, kuma galibi ba lalacewa suka yi ba.

Ya ce zai yi tunani. Daga baya na ji ya biya kuɗin kwas ɗin tagwayen silinda da zangon hawa, wanda ko ya sayi na'urar nan gaba sai ya buƙace shi a ranar da ta mutu masa a ƙasa.